Zan kai injina baje kolin Jeneba: shin takardar Abuja za ta kare ni a can?

Tambaya: Barista, ni injiniya ne a Zariya. Na ƙera injin busar da tumatir da tattasai mai aiki da zafin rana, kuma wata bakwai ke nan da na shigar da takardun neman mallakarsa a Abuja. Yanzu an gayyace ni baje kolin ƙirƙire-ƙirƙire na Jeneba a ƙasar Suwizalan, akwai kuma taron masana haƙƙin mallakar fasaha da za a yi a lokacin. Bayan na shigar da takardun na ƙara wa injin wani murfi mai buɗe kansa idan laima ta yi yawa a ciki. Shin in tafi? Takardar Abuja za ta kare ni a can? Kuma yaya ake samun fatent na duniya baki ɗaya?

Amsa: Injiniya, Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a Kwanar Gafan lokacin da kaya ya cika kasuwa ya san ba aikin banza ka yi ba.

Tambayarka ta ƙarshe ta fi sauƙi, don haka da ita zan fara. Babu fatent na duniya baki ɗaya. Ba a taɓa yin sa ba, kuma duk wanda ya ce zai samo maka shi a kan kuɗi kaza, ka dafe aljihunka. Fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, a ƙa'ida kowace ƙasa ce ke bayar da tata, ƙarfinta kuma a bakin iyakar ƙasar yake ƙarewa. Kamar takardar fili ce: wadda gwamnatin Kaduna ta sa wa hannu ba ta ba ka ko taku ɗaya a Maraɗi. Takardar Abuja ba za ta hana Bajamushe ko ɗan ƙasar Sin ya ƙera irin injinka a ƙasarsa ya sayar a can ba.

Amma kada ka raina ta, domin ta ba ka abin da ya fi takardar kanta daraja, wato kwanan watan da ka shigar da buƙatarka. Akwai yarjejeniyar Faris ta 1883, wadda Najeriya ta shiga a 1963. Ita ce ta ce idan ka fara shigar da buƙata a wata ƙasa mamba, kana da wata 12 ka shigar da irinta a sauran ƙasashe, su kuma su ɗauka tamkar tun ranar farkon ka zo musu. Ka kama layi ke nan a kusan duniya duka, kuma duk wanda ya zo bayan wannan rana, ko ya ga injinka ne ya kwaikwaya, a bayanka yake. Lissafin yana farawa ne daga ranar da ofis ya karɓi takardunka, ba ranar da aka miƙa maka satifiket ba. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Kai ka ci wata bakwai, saura biyar. Ka ɗauko rasit ɗin yau ka duba ainihin ranar, ka rubuta ta a bangon shagonka. Idan ta wuce alhali injin ya riga ya fita idon jama'a, yawancin ƙofofin waje sun rufe ke nan. Akwai 'yar kafa ta wata biyu da ake iya roƙon a maido wa mutum layinsa, sai dai ba kowace ƙasa ce ke amincewa da ita ba, kuma ban taɓa ba wani shawarar ya jingina da ita ba.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, wanda ka faɗa kamar a wuce: murfin nan. Layin da ka kama a Abuja na abin da ka rubuta ka zana a takardun farko ne kaɗai. Murfin ba ya ciki, don haka a idon doka har yanzu tsirara yake. Kuma a ganina mai yiwuwa shi ne ainihin ƙirƙirar, domin na'urar busar da kayan gona da zafin rana an daɗe ana yin ta iri-iri, daga Indiya har Kenya. Abin da zai sa mai binciken fatent ya ɗago kai shi ne dabarar da ke sa murfin ya buɗe kansa. Idan ka girke injin a zauren Palexpo, inda ake yin wannan baje koli, mutane suka kewaye shi suna ɗaukar hoto kana yi musu bayani, to ka bayyana murfin ga duniya da hannunka. Ofishin fatent na Turai da ke Munik, wanda ke aiki wa ƙasashe kusan 40, ba ya yafe wannan. A wurinsu abin da ya fita fili kafin ranar shigar da buƙata ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya fitar. Sassaucin da suke yi na wata shida ya tsaya ne a kan wanda aka ci amanarsa aka tona masa sirri, da kuma manyan bukukuwan Expo da gwamnatoci suka amince da su, irin na Dubai da na Osaka. Kada ka ɗauka kowane baje koli mai suna na duniya ya shiga wannan sahu. Amurka ta fi sassauci, tana ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya bayyana abinsa. Dokarmu ta 1970 ita ma tana da sassaucin wata shida ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. To amma tunda Turai za ka, dokar da ta fi tsanani ita za ka yi wa shiri.

Na taɓa zama da wani malamin jami'a da ya yi shekaru yana aiki a kan wata hanyar tace ruwa. Ya je taro a waje ya gabatar da muƙala, aka tafa masa, aka buga ta a littafin taron. Bayan kusan shekara biyu wani kamfani ya nuna sha'awa, ya tambaye shi ina takardunsa. Da muka yi bincike, abin da ya fara fitowa wanda ya kashe sabuntar aikin shi ne muƙalarsa, da sunansa a sama. Babu wanda ya sace masa komai. Har yau idan na tuna yadda ya yi shiru yana kallon takardar sai in ji ba daɗi. Kuma ba muƙala kaɗai ba: bidiyon da ɗanka ya ɗora a Facebook ko TikTok, hirar rediyo, sayar da injin guda ɗaya ga wani manomi a Kura, duk bayyanawa ce. Idan murfin ya riga ya fita ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, ka faɗa wa lauyanka gaskiya tun farko, da ranar da abin ya faru.

Maganin yana da sauƙi matuƙar ka yi shi kafin ka hau jirgi. Ko ka shigar da sabuwar buƙata a Abuja a kan murfin, ko ka haɗa tsohon injin da murfin a buƙata guda ta ƙasa da ƙasa. Ni na fi son ta biyun, kuma ita ce ta kawo mu ga abin da mutane ke kuskuren kira fatent na duniya.

Sunansa PCT, yarjejeniyar haɗin kai a kan fatent da aka sa wa hannu a Washinton a 1970, ta fara aiki a 1978, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya (WIPO) da ke Jeneba ce kuma ke tafiyar da ita. Ƙasashe sama da 150 ne a ciki. Nijar ta shiga a 1993, Najeriya a 2005. Buƙata ɗaya za ka shigar, da Turanci, kana ma iya aika ta kai tsaye zuwa ofishin WIPO ta intanet. WIPO ba ta ba kowa fatent. Abubuwa biyu take yi maka. Na farko, tana tsawaita maka wa'adi: maimakon wata 12, sai ya zama kana da wata 30 daga ranar Abuja kafin ka zaɓi ƙasashen da za ka shiga ɗaya bayan ɗaya, ofishin Turai ma 31 yake bayarwa. A lissafinka, kusan wata 23 ke nan a gabanka na neman abokin kasuwanci da gwada ko injin zai karɓu. Na biyu, wani babban ofishin fatent zai binciki duk abin da aka taɓa wallafawa mai kama da naka, ya aiko maka da rahoto da ra'ayinsa a rubuce.

Wannan rahoto, a gare ka musamman, ya fi ƙarfin kuɗin da za ka biya. Dalili kuwa, ofishin rajista na Abuja, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, ba ya bincikar ko ƙirƙira sabuwa ce. Haka dokar ta tsara: yana duba cikar takardu da biyan kuɗi, sannan ya bayar da fatent bisa kasadar mai nema, ba tare da lamunin ingancinsa ba. Sai ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya ake sanin ko takardar tana da haƙora. Lauyoyin kamfanonin waje sun san haka sarai, shi ya sa satifiket ɗinmu mai jan tambari ba ya girgiza su. Rahoton bincike mai kyau shi ne ke sa su gyara zama. Idan kuma rahoton ya fito da muni, ya nuna wani ya riga ka tun shekara ashirin, to ka tsira da kuɗin da da ka zuba a ƙasashe biyar. Kafin ma ka biya ko sisi, ka zauna dare biyu ko uku a kan shafukan binciken fatent na intanet, PATENTSCOPE da Espacenet da Google Patents, duk kyauta ne, ka nemi na'urorin busarwa masu murfin da ke aiki da laima. Ka duba zane-zanen ko da bayanin da Sinanci yake.

Batun kuɗi, akwai labari mai daɗi. Kuɗin shigar da buƙatar PCT faran 1,330 ne na Suwizalan idan takardun ba su wuce shafi 30 ba, amma ɗan Najeriya mazaunin Najeriya da ya nema da sunan kansa ana yafe masa kashi 90 cikin 100. Ka lura da sharaɗin: da sunan kansa. Idan ka sa sunan kamfaninka, ragin ya tafi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi sun fi mu morewa a nan, domin ƙasashensu na cikin jerin masu ƙarancin ci gaba, don haka har kamfanoninsu ana yi wa ragin. Kuɗin bincike daban ne, haka ladan wanda zai rubuta maka takardun, kuma a nan ne ba na son ka yi rowa. Zuciyar fatent ita ce jerin da'awowin da ke ƙarshensa, su ne iyakar gonarka. Idan aka ja iyakar da faɗi ƙwarai ta shiga gonar wani, a soke ta. Idan aka matse ta, maƙeri ya canza ƙusa biyu ya wuce ta gefenka yana dariya. Ba kowane lauya ne ya iya wannan rubutu ba, kuma wanda ya iya shari'ar fili ko ta gado ba lalle ne ya iya shi ba. Ka nemi wanda ya san injiniyanci, ka ce ya nuna maka wanda ya taɓa rubutawa. Hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da buƙata a gida, tana kuma da ofisoshi a jami'o'i da dama. Af, tunda Zariya ka ce: idan ma'aikacin jami'a ne kai ko na wata cibiyar bincike, kuma a bakin aikinka ka ƙera injin, dokar ta ce haƙƙin na wanda ya ɗauke ka aiki ne. Ka warware wannan a rubuce tun yanzu, kafin kuɗi su shigo zumunci ya ɓaci.

Babban kashe kuɗi yana zuwa ne a wata na 30. Kowace ƙasa da lauyanta, da kuɗin ofishinta, wata da fassara, sannan kuɗin sabuntawa har tsawon shekara 20 da fatent ke rayuwa. Dubban daloli ne a kowace babbar ƙasa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: ina za a sayi injin nan, kuma ina za a iya ƙera shi da araha? Manomin Holan ba ya shanya tumatir a bakin titi, ba ya buƙatar injinka. Kasuwarka tana Sahel da sauran ƙasashe masu rana da ƙarancin lantarki.

A nan Afirka ta yi mana gata biyu. Ƙungiyar mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, tana da ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, Mali, Burkina Faso da Senegal. Buƙata ɗaya, takarda ɗaya, ta rufe su duka. Ga mai injin busar da tumatir da albasa, wannan ya fi fatent na Amurka amfani nesa ba kusa ba. Sai takwararta ARIPO da ke Harare, inda Ghana, Sudan, Kenya, Gambiya da wasu suke, a can kai ne za ka zaɓi ƙasashen da kake so a cikin buƙatar. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya daga cikin biyun, amma wannan bai hana ɗan Najeriya nema a can ba, kuma duka biyun ana shigarsu ta hanyar PCT.

Na san Sin ce ke ranka, kowa ita yake tsoro. Ka tuna fatent ɗinka na Najeriya ya ba ka ikon hana ƙerawa, da sayarwa, da kuma shigowa da kayan daga waje. Ko an kwaikwayi injin a birnin Gwanzu na Sin, mai shigo da shi ta Apapa ya taka dokarka, haka mai kai shi Yamai idan kana da takardar OAPI. Wato kana iya tsare kasuwa ba tare da ka tsare masana'anta ba. Idan kuwa kai da kanka kake shirin kai aikin ƙera shi can, to ka yi rajista a Sin kafin ka tura wa kowace masana'anta zane. Suna da wani ƙaramin fatent na shekara 10 wanda ke fita da sauri kuma da araha, ya dace da kayan ƙarfe irin naka. Saurin fitarsa ne kuma haɗarinsa, don wanda ka tura wa zanen yana iya riga ka zuwa ofis. Sannan ka sani babu ɗan sandan da zai yi maka gadin fatent a ko'ina. Kai ne za ka gano mai kwaikwayo, kai ne za ka kai ƙara, da kuɗinka. Takardar da ba ka da ƙarfin kare ta a kotun wata ƙasa, amfaninta ɗaya ne: ka sayar ko ka ba da lasisinta ga mai ƙarfin. Ko lasisin ma sai an duba wa ake ba. Maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar ya samu fatent a Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasisinsa a 2002, kamfanin ya durƙushe a 2008, masu ciwon suka shiga wahalar samun maganin. Duk yarjejeniyar da za ka sa wa hannu, a rubuta cewa haƙƙin zai dawo hannunka idan ɗaya ɓangaren ya kasa ƙerawa ko ya karye.

To, ka tafi ko kada ka tafi? Ka tafi, bayan ka shigar da buƙatar, da lambar karɓa a aljihunka. Baje kolin Jeneba tun 1972 ake yin sa, kuma ana haɗuwa da masu neman abin da za su zuba wa jari. Ana raba lambobin yabo na zinariya da azurfa da tagulla, masu kyau a hoto, suna kuma buɗe ƙofar ofisoshi idan an dawo gida, sai dai ba sa ƙara wa haƙƙinka ko ƙwayar zarra a gaban alƙali. Ka nuna abin da injin ke yi: kilo nawa yake busarwa, cikin awa nawa, launin tumatir ɗin bayan ya bushe. Ka tafi da busasshen a leda mutane su taɓa su sansana. Abin da ba ka rubuta a buƙatar ba, kamar inda kake samo kayan da ke jin laimar ko yadda kake saita shi, ka bar shi a cikinka, sirrin sana'a ne. Wanda ya nace sai ya ga ciki, ku koma gefe ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Manyan kamfanoni sukan ƙi sa hannu, wannan ba baƙon abu ba ne, sai ka tsaya a kan abin da ka riga ka kare. Kowace yamma ka rubuta wanda ka gana da shi da abin da ka nuna masa.

Shi kuwa taron masanan, ka shiga da kunne fiye da baki. Yawancin mahalarta irin wannan taro lauyoyi ne da jami'an ofisoshin fatent, kuma lauyoyin kasuwa suka zo nema, kai ne kasuwar. Ribarka a nan ita ce ka samu mutum biyu ko uku da ke aiki da OAPI da ARIPO da Sin, ka tambaye su farashi a rubuce, tun daga shigarwa har fitowar takarda, ka kwatanta. Idan ka ga zama a kan ilimin gargajiya, ka leƙa. A Mayun 2024 ƙasashen WIPO suka amince da wata yarjejeniya da ke wajabta wa mai neman fatent ya faɗi inda ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya gina ƙirƙirarsa a kai. Rigimar ta daɗe: ofishin Turai ya taɓa ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar noman ƙasar fatent a kan maganin fumfuna daga man darbejiya, itacen da ke ƙofar gidan kowa a nan, sai da 'yan Indiya da magoya bayansu suka kawo hujjar cewa manoma sun daɗe suna amfani da shi aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Bai shafi injinka kai tsaye ba, amma ranar da wani mai maganin gargajiya ya tambaye ka, ka samu abin faɗa masa.

Abu biyu na ƙarshe, duka na takarda. Idan buƙatarka ta cika wata 18 daga ranar Abuja, WIPO za ta wallafa ta da sunanka da adireshinka. Daga nan wasiƙu za su fara zuwa, masu tambari kamar na hukuma, suna neman ka biya kuɗin rajista a wani kundi. WIPO da kanta tana gargaɗi a kansu. Kada ka biya kowa sai ta hannun lauyanka. Sannan za a buƙaci kwafin takardunka na Abuja wanda ofishin ya tabbatar da shi, kuma dole ya isa cikin wata 16 daga ranar farko. Irin wannan takarda ba ta fitowa rana ɗaya, bizar Shengen ta shiga Suwizalan ita ma haka. Ka nemi kwafin a makon nan, ka ba lauya zanen murfin a makon nan, tikitin jirgi ya zo daga baya.